Yadda Na Roƙo Yaya Daga Madina

Tun da na dawo daga Madina ban sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Da na zauna a teburin mai shayi ko a ɗakin malamai, sai wani ya matso ya ce, "Malam Rabi'u, yaya ƙasar take?" In na gyara zama na fara ba da labari, sai ya katse ni da ainihin tambayarsa, wato ko na taho masa da dabino. Na gaji da maimaitawa, shi ya sa na zauna na rubuta. Duk wanda ya sake tambayata takarda zan miƙa masa, dabino kuwa ya ƙare tun makon farko.

In faɗi gaskiya tun daga farko, ba ibada kaɗai ta kai ni ba, Allah Ya yafe mini. Ni malamin Hausa ne a wata sakandare a Malumfashi. Yayana, Dakta Lawal, likitan ido ne, ya shekara goma sha uku yana aiki a wani asibiti a Madina, rabonsa da gida kuma shekara shida. Mahaifiyarmu, Inna, idonta ya fara dushewa tun bara waccan. Da farko allura take miƙawa a zura mata zare, daga baya ta fara laluben hanya in za ta alwala. Mun kai ta asibiti sau biyu, aka ba ta maganin ɗigawa, ta ɗiga kwana uku ta ajiye, ta ce tsufa ne kawai.

Mai karatu zai ce me ya hana a gaya wa ɗanta, tunda aikinsa ke nan? Kunya ce ta hana. Yaya ɗan fari ne, Inna kuma mutuniyar da ce ta asali. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kama sunansa ba, sai dai ta ce "na Madina". A wurinta, ta buɗe baki ta nemi wani abu a hannunsa abin fallasa ne. Ranar da na ce zan rubuta masa batun idon, ta damƙe hannuna ta ce, "Ban yafe ba in ka faɗa masa, ko da baki, ko a takarda, ko ta bakin wani. Yana can yana yi wa baƙin Manzon Allah hidima, ni ce zan ɗaga masa hankali?" Duk wasiƙar da aka aika masa daga gidanmu a shekarun nan ni na rubuta ta, kuma a kowacce na sa "Inna lafiya lau". Abin yana cina ƙwarai. Da Yaya ya aiko mini da tikitin Umra, na karɓa ban san yadda zan yi ba. In na faɗa, uwa ta yi fushi da ni. In na yi shiru, ta makance, ɗanta yana can yana buɗe idanun mutanen duniya.

Labarin tafiyata ya riga ni fita gari. Saura kwana uku in tashi, zauren gidanmu ya koma gidan waya, kowa da wasiƙarsa zuwa ga Dakta. Wannan agogo yake so, wancan keken guragu na kawunsa. Wani tela ya ce a aiko masa da tabarau, na ce ai sai an gwada ido, ya ce Dakta ya san idon gidansu. Wani kuma so yake a samo wa ɗansa aiki a asibitin, ɗan da ya karanta aikin gona. Inna ƙullin daddawa da kuka ta ba ni, ta ce, "Ka gai da mutanen gidan."

Motar haya ta sauke ni Kano da hantsi, ƙafata ɗaya ta yi tsami saboda buhun barkonon da aka ɗora mata tun daga tasha. A filin jirgi muka wuni muna jira, kowa zaune a kan kayansa yana hararar na kusa da shi. Da aka kira jirgi, dattawan da suka wuni suna tasbihi su suka fi kowa iya ture mutum. Ni dai ban taɓa shiga jirgi ba, na ɗaure bel ɗina tamau har numfashi yana yi mini wuya. Wata Hajiya 'yar kasuwa daga Gusau ce a gefena, ta sassauta mini shi, ta tambaye ni inda zan sauka. Da ta ji sunan Yaya sai ta dafe ƙirji. "Dakta Lawal na Sultana? Ai a gidansa na sauka bara! Mutumin da bai san a'a ba!" Nan take ta ciro takarda daga jaka, ta ce tunda ni malami ne in rubuta mata 'yar wasiƙa. Muna sararin samaniya na rubuta wa yayana roƙon injin markaɗe.

A Jidda ma'aikacin da ke duba kaya ya buɗe jakata, ya wuce tulin wasiƙu bai kula ba, ya tsaya a kan ƙullin Inna. Ya kwance, ya kai hanci, ya ja da baya kamar an mare shi. Ya kira abokin aikinsa, shi ma ya shinshina, ya kira na uku. Na tattaro Larabcin da na koya a Islamiyya na shiga bayani da i'irabi cikakke, suka kalli juna suka tuntsire da dariya, wai ina magana kamar mai huɗuba. Wani dattijo mai tura keken kaya ne ya cece ni, baƙi wuluk, ashe Bahaushe ne haifaffen can. Ya yi musu magana da irin nasu Larabcin, sannan ya juyo ya ce da ni, "Khalas, shi ke nan, ɗan'uwa, ɗaure abinka ka wuce. Na ce musu dawa ne, wato magani, na miya, ba ya kashe mutum." Ma'aikacin ya yi mini nuni da hannu ɗaya, ɗayan yana toshe da hancinsa.

Daga nan bas ce zuwa Madina, tafiyar fiye da awa biyar a kan titi sumul. Abin da ya fi ba ni mamaki, babu wanda ya gitta mana itace ya nemi na goro. Na yi ta leƙawa ta taga ina jira, har na fara jin kamar an raina mu. Mun tsaya cin abinci a wani wuri a hanya, aka ajiye wa kowane mutum huɗu faranti guda na shinkafa da kaza sukutum. Ni ina jira a raba nama kamar yadda aka saba a gida, babba ya ɗauka sannan ƙarami, kafin in ankara abokan cina sun bar mini wuya da fiffike ɗaya.

Gidan Yaya yana unguwar Sultana, hawa na uku, a bisa wasu kantuna. Ban sha wuyar gane ƙofar ba, takalman da ke gabanta sun fi na masallacin unguwarmu ranar da aka ɗaura aure. Yaya ya rungume ni, na ji ƙasusuwan bayansa. Ya ce, "Inna fa?" Na ce, "Tana gaishe ku." Ya ce madalla, kafin ya ƙara wata magana an kira shi daga falo.

Ɗaki huɗu ne a gidan. Ɗaya na matarsa, Anti Binta, da 'ya'yanta, biyu na baƙi mata da maza, falo kuma na waɗanda suka yi yawa. Mai gidan da kansa a lungun da ke tsakanin kicin da banɗaki yake shimfiɗa katifa. Shugaban baƙi shi ne Alhaji Mamman, mutumin garinmu, wanda ya zo Umrar mako biyu tun azumin bara. Bizarsa ta daɗe da mutuwa, amma muryarsa tana nan da ranta. Ba ya sayen komai, ba ya ɗauke ko kofi, aikinsa yabo. In Yaya ya shigo sai ya ɗaga hannu ya ce, "Ga inuwar bayin Allah! Ga wanda ba a juyawa daga ƙofarsa!" Na lura Yaya yakan ce, "Haba Alhaji, bari mana," amma ba ya barin falon sai an kai aya.

Kowace safiya bayan an dawo daga sallar Asuba, Yaya zai zauna da shayi, a kawo ful da tamis, wato wake da wani faffaɗan burodi mai zafi, sai a fara gabatar da bukatu. Yana da kalma ɗaya ta mutanen ƙasar, "Abshir," ma'ana ka sha kuruminka, an gama. Sau da yawa kafin mai magana ya kai ƙarshen jimlarsa ya riga ya samu abshir. Na zube masa wasiƙun da na ɗauko, ya yi musu abshir a dunƙule, har da injin markaɗe.

Ranar da na fara shiga Masallacin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, duk surutuna ya ɗauke. Na tsaya na yi sallama, hawaye ya ƙi tsayawa. Na yi wa Inna addu'a har na rasa abin da zan ƙara. Wannan ɓangaren ba na wasa da shi, kuma ba ni da kalmomin da za su ɗauke shi. Wanda Allah bai kai ba tukuna, Allah Ya kai shi.

Sauran abubuwa kuwa na sha kunya daidai gwargwado. Mai gidan da Yaya ke haya, wani Balarabe dattijo, ya gayyace mu gahawa. Ana zuba ta a ɗan kofi kamar murfin kwalba, ɗaci kamar maɗaci. Ina shanyewa in miƙa kofi don a karɓa, sai a sake cikawa. A garinmu mayar da abin da aka ba ka rashin kunya ne, na yi ta haɗiya. Sai a kofi na tara Yaya ya raɗa mini cewa girgiza kofin ake yi in an ƙoshi. Ranar har La'asar zuciyata tana gudu.

Da na samu Anti Binta ita kaɗai a kicin tana tuƙa tuwon mutum ashirin, na tambaye ta me ya sa Yaya ba ya zuwa gida. Ta ajiye muciya ta dube ni. "Malam Rabi'u, da wane lokacin? Ijazarsa ta bara, hutunsa na shekara-shekara fa, a hanyar Makka ta ƙare, yana kai wannan yana ɗauko wancan. Ta bana ma an riga an yi mata layi. Yayanka duk wanda ya tambaya a gaban mutane ya samu. Ni shekara biyu ina so a gyara mini injin wanki, laifina a ɗaki nake faɗa." Ta ce kuma wasiƙuna kullum lafiya lau suke cewa, to saurin me zai yi? Na sunkuyar da kai na fita.

Hayaniyar gidan ce ta kora ni ƙasa. A cikin kantunan da ke ƙarƙashinmu akwai na wani mai haɗa tabarau, Ba'indiye Musulmi, sunansa Nizam, siriri mai ɗan gemu, shekarunsa za su kai hamsin. Yaya yakan turo masa marasa lafiya. Kantin da sanyi, ga kujera, shi kuma yana son hira, sai na mai da wurin majalisata. Muna yi da Turanci, in ya ƙare mu ciko da Larabci. Duk sanda ya ji ana jan kujeru a sama sai ya nuna rufi da yatsa ya ce, "An fara zaman fada."

Wata rana na tarar da shi yana karanta wani tsohon littafi da ya ciro daga ƙarƙashin akwatin gilasai. Rubutun ba Larabci ba ne, ba boko ba, haruffan duk sun rataye a jikin layi kamar shanya. Ya ce Sanskrit ne, tsohon harshen malaman ƙasarsu, wanda yanzu ba a ciniki da shi a kasuwa, sai dai a littafi. Ya ce a makaranta ya ɗauke shi don kawai an ce ana samun maki da sauƙi, sai labaran suka kama shi. "Ni Musulmi ne, kakana ma haka," in ji shi. "Labari nake karantawa, ba ibada ba. Amma a ƙasa nake ajiye shi, don ba kowa ke tsayawa ya ji bayani ba."

Ya ce suna da irin waɗannan littattafai da dama, tarin labaran sarakunan da, wani labari ashirin da wani abu, wani talatin da wani abu, labari a cikin labari, ana fitowa daga wannan ana faɗawa wancan. Yawanci sarki ɗaya ake ɗauka a yi ta gwada shi, a ga iyakar jarumtarsa, ko hikimarsa wajen shari'a, ko kyautarsa. Kyautar ce ta fi yawa. Da yake ni malamin adabi ne, na ce ya ɗan gutsura mini.

Ya ba ni na wani sarki da ya yi rantsuwa babu mai juyawa daga ƙofarsa hannu wofi. Wani mutum ya zo ya roƙi dokin sarki, aka ba shi. Washegari ya dawo ya ce doki ba ya hawuwa sai da sirdi, aka ba shi sirdin zinariya. Ya sake dawowa ya ce dokin ya ƙi cin ciyawa a hannun kowa sai mai shi. Sarki ya sauko daga karaga, ya bi mutumin gida, ya shekara yana yi masa yankan ciyawa. A ƙarshe aka ce furanni suka zubo daga sama don yabon sarki. Na ce, "A garinmu sarki ya yi haka, fadawa wurin mai ruƙiyya za su kai shi." Nizam ya yi dariya har ya cire tabarau. Ya ce, "Malam, ka tambayi kanka su wa suka rubuta littafin. Malamai ne da mawaƙan da ke ci a ƙofar sarakuna. Yaya za su rubuta labarin sarkin da ya ce a'a ya zauna lafiya?" Na ce ashe maroƙanku sun riga namu shiga makaranta. A daidai lokacin muryar Alhaji Mamman ta sauko ta taga, yana cewa inuwar bayin Allah.

Kwana huɗu ina zuwa ina karɓar labari ɗaya ɗaya. Sarakunan nan sun ba da giwaye, sun ba da garuruwa, wani har barcinsa ya bayar. A rana ta huɗu na tambaye shi abin da ke cina. "Uwar sarkin fa? Ita me ta samu?" Ya juya shafuka gaba da baya, ya ce, "Ba ta cikin littafin. Ba ta taɓa zuwa ƙofar fada roƙo ba, marubucin bai san da ita ba."

Ban san sanda na kwashe labarin Inna na gaya masa ba. Dariyar ta bar fuskarsa. Ya ce shi ba likita ba ne, amma ya shekara ashirin yana kallon idanun mutane, kuma ido ba ya jiran kowa ya gama kunya. Ya ce bari ya hau sama ya faɗa da kansa. Na ce Inna ta toshe wannan hanyar, ta ce ko ta bakin wani. Ya goge gilashin da ke hannunsa, sannan ya ce, "To ka yi yadda masu wayo suke yi a littafin. Wawaye suna faɗin abin da suke so, sai a ba su doki. Masu wayo ba sa faɗa. Sai sun sa sarki ya yi alkawari a gaban fadawa tukuna, sannan su buɗe baki. Irin sarkin nan zai iya rasa komai, amma ba zai iya jure a ce ya janye magana a gaban mutane ba." Na ce wannan ai tarko ne. Ya ce ƙwarai kuwa, tarko ne, ya tambaye ni ko ina da wata dabarar. Ba ni da ita.

Ranar Juma'a ce babbar rana a gidan. Bayan an sauko daga masallaci falo ya cika maƙil, ga likitoci 'yan gida, ga wani mai harhaɗa magunguna daga unguwar Ƙuba, ga ɗaliban jami'a da suka gaji da abincin makaranta. Aka shimfiɗa leda, aka jera farantan shinkafa da rago. Ni ko loma uku ban yi ba. Ban taɓa yi wa Yaya wayo ba, shi ya biya mini karatu, shi ya yi mini aure. Da aka fara zagayawa da shayi, na yi gyaran murya.

Na ce, "Yaya, kowa ya roƙa an ba shi. Ni ƙaninka ko tsinke ban roƙa ba."

Ya ce, "Abshir."

Na ce, "A'a, ba abshir ɗin shayi nake so ba. Alkawari nake so, a gaban mutanen nan, kafin in faɗa."

Falo ya ɗauki dariya. Allah da ikonSa, Alhaji Mamman ne ya ɗaure mini gindi. Ya miƙe da ƙashin rago a hannu ya ce, "Kai Rabi'u, wa kake tsammani kake magana da shi? Dakta ne fa! Faɗi, ko mota ce! Dakta, ba shi alkawari ya ga aiki!" Yaya ya yi murmushi, ya dubi jama'a, ya ce, "Na yi alkawari, ga shaidu. In dai ina da shi, kuma bai saɓa wa Allah ba, naka ne."

Na ce, "Hutunka na bana nake so, gaba ɗayansa. Ka raka ni Malumfashi, har ƙofar ɗakin Inna. Kuma kada ka tambaye ni dalili."

Wani ɗalibi ya ajiye kofinsa a hankali. Alhaji Mamman ne ya fara farfaɗowa, ya ce, "To mu fa? Wa zai kai mu Makka?" Daga bayan labulen kicin muryar Anti Binta ta fito, a natse, "Akwai bas, Alhaji."

Yaya ya ja ni zuwa matakala, idonsa ya kaɗa. "Inna ce?" Na ce na roƙe shi kada ya tambaya. "Tana raye?" Na ce tana raye, tana ci tana sha, tana sallah. Ya ce, "Ka tozarta ni a gaban baƙi, Rabi'u. Mutum bakwai na yi wa alkawarin hutun nan." Na ce su ma a ba su haƙuri sau ɗaya, su ji yadda yake. Kwana biyu bai yi mini magana ba, kuma na ji zafin hakan fiye da yadda na zata. Amma ran Asabar ya kai takardar neman hutu.

Kwana tara aka yi kafin takardun fita su kammala. A cikin kwanakin na ga abin al'ajabi. Mutanen da aka ce ba su da kowa a ƙasar sai Allah sai Dakta, kowa ya tuno da wani ɗan'uwa. Alhaji Mamman a yini ɗaya ya koma gidan mai harhaɗa magungunan nan na Ƙuba, aka ce tun a mota ya fara kiransa inuwar bayin Allah. Anti Binta ta wanke falo da ruwa da sabulu, ta zauna a tsakiyarsa ta miƙe ƙafa. Na sauka na yi sallama da Nizam, ya riƙe hannuna ya ce in gai da Inna, ya ce tasa uwar tana can ita ma, sai kwantiraginsa ya cika zai gan ta. Muka biya Makka ni da Yaya muka yi Umra, sannan muka hau jirgi. Har muka sauka Kano bai sake tambayata ba.

Da La'asar muka isa gida. Inna tana zaune a tabarma a tsakar gida. Yaya ya yi sallama ya durƙusa daga nesa. Ta ji muryar, ta daburce, ta miƙa hannu za ta ɗauki butarta ta tashi, hannun ya wuce butar da kusan taki guda, ya ci gaba da lalube a ƙasa. Yaya yana kallo. Ya matso da gwiwoyinsa, ya ciro 'yar fitila daga aljihu, ya tallafi haɓarta. Tun da nake ban taɓa ganin ya taɓa ta ba. Ya daɗe yana haskawa, sannan ya juyo ya tambaye ni tun yaushe. Na ce shekara biyu. Ya ce na hagu ya tafi, yanar ido ce ta daɗe har ta lalata shi, na dama kuwa in an yi aiki cikin makon nan akwai rabo. Bai yi mini faɗa ba, ni kuwa da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Inna ta ce, "Rabi'u, za mu gamu da kai." Na ce, "Wallahi ban faɗa ba, Inna." Ta ce, "To ka ce masa ya daina kuka, yana jiƙa mini zane."

A Kano aka yi aikin, wani abokin karatunsa ya yi, don Yaya ya ce hannunsa ba zai tsaya ba. Washegari da safe aka cire bandejin muna tsaye mu biyu a bakin gado. Ta ƙifta, ta ƙifta, ta wuce ni da kallo, ta tsaya a kansa. Ta daɗe tana dubansa, ba ta kawar da kai ba, shi kuma ya kasa ɗagowa. Sannan ta juyo wurina.

"Rabi'u," ta ce, "ashe ya yi furfura."